Yadda muke gwajin tarin fuka a garken shanu a Jos

Saniya tana iya ɗauke da tarin fuka shekara da shekaru, tana kiwo, tana haihuwa, ana tatsarta, ba wanda ya taɓa jin ta yi tari. Kafin a ga rama, kafin a ji tarin nan mai laushi da ke tasowa da sanyin asuba ko in an kora ta da sauri, kafin kaluluwar bayan muƙamuƙi ta kumbura, ta riga ta raba wa na kusa da ita. Shi ya sa mu da ke aikin lafiyar dabbobi a Jos da kewayenta ba ma jiran alama. Fata muke gwadawa, garke ɗungurungum, mai ƙiba da ramammiya.

Ƙwayar da ke kawo cutar sunanta Mycobacterium bovis, 'yar'uwa ce ga wadda ke kawo tarin fuka na mutane, kuma ita ma tana kama mutum. Tsakanin manyan shanu ta numfashi take bi, musamman a shingen da suke kwana a cunkushe, da wurin cin dusa da lasar kanwa, da kwamin ruwa. Maraƙi kuwa a nono yake shanta. Zafin rana yana kashe ta, amma a kashin shanu mai damshi da ke inuwa tana iya yin watanni da ranta. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, ga sanyi, ga ruwan damina, ga kuma gidajen gona da ke tsare shanun madara masu jinin Turai a rumfa. Irin waɗannan sun fi Bunaji da Rahaji saurin kamuwa, cutar kuma ta fi yi musu mugun kamu.

Aikin ba daga allura yake farawa ba, daga zama da mai shanu ne. A ruga ana fara gaida Arɗo, a faɗa masa abin da ya kawo mu dalla-dalla. Ba ma buɗe baki da tambayar yawan shanu, domin makiyayi ba ya son a ƙirga masa dukiya, tun zamanin jangali. Tambayar da muke fara yi ita ce wadda kowa yake so a bari sai daga baya: “Baffa, idan an samu mai ɗauke da cutar, yaya za a yi da ita?” Sau da yawa amsar ita ce, “Likita, ai ba dukansu ne nawa ba.” Gaskiya ne kuwa. A garke ɗaya akwai na mata, akwai na marayu da ba a raba gado ba, akwai na 'yan kasuwar cikin gari da suka ba da amanar kiwo. Idan ba a yi wannan magana an gama ta ba, gwajin yana iya zama ɓarna maimakon gyara, don abin da zai yi kawai shi ne ya nuna wa mai shanu wadda zai yi sauri ya kai kara ya sayar, ta je ta shiga wani garken da ba shi da komai.

Sauran tambayoyin na aiki ne. Wace ce ta haihu a cikin makonni 6 da suka wuce? Wace aka yi wa allura kwanan nan, musamman dekisa, maganin rage kumburi da ake saye a kemis ana haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta? Wace ce baƙuwa, daga ina ta zo? An yi wannan gwaji a cikin wata 2 da suka wuce? Sannan, garken zai kasance a nan bayan kwana 3, ranar da za mu dawo karanta sakamakon allurar gwajin? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi lalata aiki. In aka yi allura garke ya tashi, an yi asarar magani, kuma ba za a iya sake gwadawa nan kusa ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, shanu suna da jiki, ba su riga sun gangara neman ruwa da ciyawa ba. A ƙarshen rani saniyar da yunwa ta cinye ba ta da ƙarfin da za ta nuna kumburi ko da tana ɗauke da cutar. Mukan kuma lissafa ranaku: allurar Litinin karatunta Alhamis, ta Talata kuwa tana faɗawa Juma'a, sai an sammaka ƙwarai.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ruwan gwajin da ake kira tubakulin, iri 2: na shanu, da na tsuntsaye. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, sinadarin da aka tato daga jikin ƙwayar ne, don haka ba sa sa wa saniya cuta, ba sa ɓata nono. Ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari su daskare, ba a bari rana ta taɓa su. A hanya suna cikin kula, amma ba a jingina kwalbar da ƙanƙara kai tsaye. Kowane iri da sirinjinsa, an yi masa alama da launi dabam, ba a musanyawa. Sai almakashi ko injin aski, da ma'aunin kaurin fata mai nuna milimita, da fenti, da littafi, da igiyoyi masu ƙwari.

Me ya kawo na tsuntsaye a gwajin shanu? A ƙasa da ruwa da kashin kaji akwai dangin wannan ƙwaya da ba sa kawo wa shanu tarin fuka, amma suna sa jikin saniya ya amsa wa tubakulin. A rugar da kaji da zabi suke yawo a ƙarƙashin shanu, in aka yi na shanu shi kaɗai za a ɗora wa lafiyayyu laifi. Idan aka yi duka biyun a gefe ɗaya aka kwatanta, wanda kumburinsa ya fi shi ne yake faɗin gaskiya.

Ana isa da sassafe, bayan tatsa, kafin a saki shanu kiwo. A gidan gona akwai lungun katako ko na ƙarfe da ake tura su ɗaya bayan ɗaya. A ruga babu, sai igiya: a ɗaure ƙaho a jikin itace ko turke mai ƙarfi, mutum ɗaya ya riƙe hanci, wani ya tsare baya. Yaran gidan sun fi mu iya kamun shanunsu, su ake bar wa wannan. Kowace saniya sai ta samu lamba. In mai ita ya yarda a sa mata ɗan kunne mai lamba, ya fi. In bai yarda ba, a rubuta lambar da fenti a ƙaho da gadon baya, a kuma rubuta sunan da ake kiranta da launinta a littafi, domin farar Bunaji da 'yar'uwarta ba sa rabuwa a idon baƙo bayan kwana 3. Maraƙin da bai kai mako 6 ba ba a gwada shi.

Wurin allura shi ne tsakiyar wuya, idan aka raba wuyan kashi 3. Fatar da ke kusa da kafaɗa da tozo, da wadda ke kusa da muƙamuƙi, ba sa amsawa daidai da ta tsakiya. Ana auna kusan santimita 10 daga doron wuya a aske wuri kaɗan, wannan na tsuntsaye ne. A sauka kusan santimita 12 da rabi a aske na biyu, na shanu ke nan. A ƙaramin maraƙi da wuyansa ba zai ɗauki biyun ba, sai a yi ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ana shafa wurin da hannu tukuna. In akwai kirci, ko cizon kaska, ko tabon tsohuwar allura, ko wani ƙullutu, a koma ɗaya gefen, don duk abin da ya riga ya kumbura fata zai rikita lissafi.

Daga nan a kama fatar da babban yatsa da manuni, a ninke ta, a sa ma'auni, a faɗi lambar da ƙarfi mai rubutu ya maimaita. Sai allura. Kowane wuri mililita 0.1 ne, ɗigo ne kawai. Bakin allurar gajere ne, ana shigar da shi a karkace cikin naman fatar kanta, ba ƙarƙashinta ba. Alamar an yi daidai ita ce ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar wake da yatsa zai ji nan take. Idan ba a ji shi ba, ko dai ruwan ya zarce ƙarƙashin fata, ko ya tsiyaye a kan gashi sa'ad da saniyar ta fizge. Duka biyun suna ba da sakamakon ƙarya, mai cuta ta fito a matsayin lafiyayya. Gyaransa shi ne a koma ɗaya gefen wuyan a sake, a rubuta cewa an sake. Mai gaggawar gama garke kafin rana ta yi zafi a nan yake zubar da aikin gaba ɗaya.

Kafin a tafi ana roƙon makiyayi abu 3: kada a yi wa kowace allura, kada a shafa komai a wurin da aka aske, kada a fitar da ko ɗaya daga garken.

Karatu bayan awa 72 ne, da rangwamen awa 4 gaba ko baya. Kumburin da muke nema ba irin na cizon ƙwaro ba ne mai tashi nan take ya sauka. A hankali yake taruwa, ya kai ƙarshensa a kwana na uku, daga nan ya fara sacewa. Wanda ya zo a kwana na biyu ko na biyar wani abu dabam ya auna. Kuma mutumin da ya auna ranar farko shi ne zai auna yau, da ma'aunin da ya yi amfani da shi, domin matsin hannun wani ba ɗaya yake da na wani ba, hukuncin kuwa a kan milimita 1 ko 2 yake juyawa. Ba ido kaɗai ake dogara da shi ba. Akwai kumburi mai tauri mai iyaka, akwai mai laushi da ya bazu, da zafi, saniya tana janye wuya in an taɓa. Wannan na biyun a wurin na shanu abin damuwa ne ko da lambar ba ta yi yawa ba.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ce wurin na tsuntsaye ya tashi daga milimita 7 zuwa 9, ƙarin 2 ke nan. Wurin na shanu ya tashi daga 7 zuwa 15, ƙarin 8. A cire 2 daga 8, saura 6. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, idan na shanu ya zarce na tsuntsaye da fiye da milimita 4, saniyar tana ɗauke da cutar. Idan ratar daga 1 zuwa 4 ce, ana shakka. Idan daidai suke ko na tsuntsaye ya fi, ba a kama ta ba. Wadda ake shakka ana ware ta a sake gwadawa, amma ba kafin kwana 42 ba, mu mukan jira 60, domin allurar farko tana dushe amsar jiki na ɗan lokaci. Binciken da aka yi a Habasha ya nuna cewa a shanu masu tozo iyakar milimita 4 tana barin masu cuta da dama su wuce, har aka ba da shawarar a sauko zuwa 2. Don haka a garken da aka riga aka tabbatar da cutar a cikinsa, mai ratar 3 ba ma yi mata kallon lafiyayya.

Dole mai shanu ya san iyakar gwajin. Saniyar da ya kama, da wuya a ce ƙarya ya yi mata. Amma yana tsallake wasu. A Ingila, inda ake yinsa da kayan aiki cikakku, an ƙiyasta yana kuskure kusan 1 cikin kowane 5 masu ɗauke da cutar. Wadda ta kamu a makonnin nan jikinta bai fara amsawa ba. Mai sabuwar haihuwa da wadda aka yi wa dekisa garkuwar jikinsu ta kwanta. Tsutsar hanta, wadda shanun da ke kiwo a fadama ba sa rabuwa da ita, ita ma tana rage kumburi. Mafi haɗari ita ce tsohuwar saniyar da cutar ta ci ta ƙwarai, ta rame, tana tari, amma fatarta ba ta motsa ko kaɗan ba, saboda jikin ya gaji da faɗa. Ita ce ta fi kowa yaɗa cutar, kuma littafi zai ce lafiyarta ƙalau. Irin wannan da ido da abin sauraron ƙirji ake yanke mata hukunci, bayan an tabbatar ba ciwon huhu ko sammore ke damunta ba. Akwai gwajin jini da ke kama wasu daga cikin waɗanda fata ta tsallake, sai dai yana da tsada, jinin kuma ba a sa shi a ƙanƙara, dole ya isa ɗakin bincike cikin kwana ɗaya.

Abin da ke biyo bayan sakamako shi ne mai wuya. Ba a yi wa saniya maganin tarin fuka. Mutum sai ya sha magunguna iri-iri kullum na wata 6 ko fiye kafin ya warke, ba wanda zai iya yi wa saniya haka. 'Yan alluran da ake yi mata suna kwantar da tari ne kawai, ƙwayar tana nan, tana koyon jure maganin da gobe ɗan gidan zai buƙata. Rigakafin BCG da ake yi wa jarirai kuma ba a amince da shi ga shanu ba, don yana sa lafiyayya ta kumbura a gwajin fata. Ƙasashen da suka rabu da cutar, irin su Ostireliya da ta fara yaƙi da ita a 1970 ta kammala a 1997, gwaji da yanka suka yi, gwamnati tana biyan diyya. A nan makiyayi shi ke ɗaukar asararsa, kuma rashin adalci ne a ce masa ya yanka saniyar da ke ciyar da gidansa a juya a tafi. Abin da yake yiwuwa shi ne a raba garken biyu tun daga ranar. Masu cutar su samu shingensu can gefe, da kwamin ruwansu, su sha bayan sauran sun sha, a tatse su a ƙarshe da ƙwaryarsu dabam. Mai tari da ramammiya da mai ƙullutu a hantsa su fara tafiya, sauran a riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye zuwa mayanka, ba kara ba. Tsohon makwanci a kwashe takin, a bar rana ta dake shi, in da hali a matsar da shingen.

A mayanka muna bin saniyar har a feɗe ta. Ana yanka kaluluwar bayan maƙogwaro, da ta tsakanin huhu biyu, da ta jikin hanji, yanka sirara-sirara, don wani lokaci ciwon bai fi kan ashana ba. A shafa huhu da hannu a tsaga shi, a duba hanta da saifa da bangon ƙirji. Abin da ake gani ƙullutu ne mai ruwan ɗorawa, cikinsa busasshen ruɓa mai kauri, in ya tsufa wuƙa tana ƙaras-ƙaras a kansa saboda ya ƙandare. In a gaɓa ɗaya ya tsaya, ana zubar da gaɓar da kaluluwarta, naman ya wuce. In ya bazu gaɓoɓi da yawa, ko ya yi tsaba-tsaba a ko'ina, ga kuma rama, naman duka ba ya ciwuwa. Sare ƙullutun a sayar da ragowar huhun cikin kayan ciki, yadda wasu mahauta suke yi, cutar da jama'a ne, kuma mai wuƙar da ke da rauni a hannu shi ne na farko a haɗari. Wannan magana da Sarkin Fawa ake yinta. Samfurin da za a bincika ana sa wani a kwalba mai tsabta cikin sanyi, wani a fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai ɗakin bincike. Mu a nan muna da sa'ar kusanci da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924. Ƙwayar tana da nawar tsiro, renonta yana cin mako 8 ko fiye, don haka ba a jiran sakamakon kafin a ware shanu.

Nono kuwa magana ce da matan ruga, su ne masu shi. Madara ta tafasa sosai kafin a zuba mata tsami. Masu injin sarrafa madara suna riƙe ta a digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Tsami shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, nonon da aka kwantar da ɗanyensa yana iya ɗauke da ƙwayar har cikin fura, haka man shanun da aka kaɗa daga gare shi. Maraƙin saniya mai cutar a mayar da shi ga lafiyayyar uwa, ko a ba shi dafaffiyar madara. Dakashi ba ya jure tafasa, yana daskarewa, shi ana ɗumama shi a digiri 60 na awa ɗaya inda akwai ma'aunin zafi.

Ba ma barin ruga sai mun tambayi lafiyar mutanen gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi, 12,500 suka rasu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Duk mai tarin da ya wuce mako 2, ko zufar dare, ko rama, da yaron da kaluluwar wuyansa ta kumbura ta ƙi sauka, ya je asibitin gwamnati, maganin tarin fuka kyauta ne. Ya faɗa wa likita cewa da shanu yake zaune kuma yana shan ɗanyen nono, domin na'urar GeneXpert da ke gwada majina ba ta bambance na shanu da na mutane, ƙwayar shanun kuwa ba ta jin ɗaya daga cikin magunguna 4 da ake farawa da su, wato firazinamaid, don haka akan tsawaita shan maganin zuwa wata 9. Makiyayi mai tarin ma yana iya shafa wa shanunsa, kada ya yi tatsa sai ya fara shan magani.

Ragowar garken ana sake gwada shi bayan kwana 60, a ci gaba da haka har a samu gwaji 2 a jere ba a kama ko ɗaya ba, sannan a koma bayan wata 6, daga nan shekara-shekara. Duk baƙuwar da za ta shigo, ko daga karar Bukuru aka sayo ta, ko ta sadaki ce, ko bijimin da aka aro don barbara, turkenta dabam, ruwanta dabam. A gwada ta da zuwanta, a sake bayan kwana 60, sai ta wuce duka biyun a kwance ta ta bi sauran.